Ruwan da Aka Ɗinke wa Baki

An kashe mana saniya a Challawa, aka kuma ce jahilcinmu ne ya kashe ta. Saniyar na haƙura da ita tuntuni, rai na Allah ne. Maganar ce ban yafe ba, kuma ba na jin zan yafe. Mai shirin ce mini abin da ya wuce ya wuce, ya ajiye takardar nan ya kama gabansa. Sai da na aurar da 'ya'yana mata biyu sannan na zauna a bencin yaƙi da jahilci, kuma ba don in riƙa rubuta wa mutane gaisuwa na koyi riƙe biro ba.

Mu mutanen Damargu ne, arewa da Damagaram, cikin Nijar. Makiyaya ne mu tun kaka da kakanni. Ƙasarmu ba ta da teku, kogi kuwa sai dai mu ji a bakin matafiya. Sama ita ce randarmu. In ta zuba, mu mutane ne. Ina da shekara takwas ko tara ta ƙi zubawa. Damina ɗaya ta yi yayyafi ta ɗauke, ta biyu ko yayyafin babu. Na ga shanu suna tauna igiyar da aka ɗaure su da ita. Na ga ungulu sun ƙoshi har tashi ya gagare su. Baffana, wato mahaifina, ya baro gida da garken da in ya taso sai ka ce hadari, ya iso Kano da sanda, da mahaifiyarsa Inna Dudu, da ni. Tawa mahaifiyar a hanya muka binne ta, kuma ba zan yi maganarta a nan ba.

Shekara huɗu Baffa yana gadin wani sito a Bompai. Mutumin da ya san sunan kowace saniya da na uwarta da na kakarta, ya koma buɗe wa manyan motoci ƙofa yana rusunawa. Da aka fara buɗe sababbin kamfanoni a Challawa sai ya samu aikin lebura a wani kamfanin fata, a rumfar da ake barbaɗa wa ɗanyun ƙiraga gishiri don kada su ruɓe. Kullum hannunsa a tsattsage. Muka kama ɗaki a wani ƙauye bayan kamfanonin. Inna Dudu ce kaɗai ta yi murna da ƙaurar, saboda ta hango ciyawa, an kuma ce mata kogi na kusa.

A shekarar ne Baffa ya gamu da Malam Juli a karar Wudil, kasuwar shanu. Abokinsa ne na yarinta, wanda ya gudo kudu da wuri ya tsira da wasu shanunsa. Ya dubi hannun Baffa. Bayan mako biyu sai ga shi da saniya a igiya.

Muna da wata al'ada da muke kira habbanaye. In garken mutum ya ƙare, ɗan'uwansa yakan ɗaure masa saniya guda. Ya riƙe ta, ya sha nononta, ta haifa masa 'yan maruƙa, su nasa ne, ita kuma ya mayar wa mai ita da godiya. Da haka ake tada gidan da ya faɗi. Saniyar ja ce mai dogon ƙaho da fari a goshi, kunnenta na dama da tsaga biyu, shaidar gidan su Malam Juli. Muka sa mata suna Goshi. Da ƙaramin ciki ta zo. Inna ta shafa cikin ta ce, "Hanne, kin ga hanyar Damargu? Ga ta nan a kwance."

Tun da muka baro gida Inna ba ta yi tatsuniya ba, sai da Goshi ta zo. Makiyayi yakan hura wa dabbarsa wuta da magariba don hayaƙi ya kore mata sauro. Inna ta dawo da wannan. Ta tara kara da busasshen kashin shanu a bayan ɗaki, Goshi ta kwanta tana tuƙa, mu kuma mu kewaye wutar bayan sallar isha: ni, da yaran mai gidan, da 'ya'yan wani ma'aikacin masaƙa mutumin Kagoro, waɗanda uwarsu sai ta zo da bulala suke tafiya. Can nesa injina suna gurnani, jiniyar canjin aiki tana katse mata magana, sai ta yi tsaki ta ce, "Bari jakin Nasara ya gama kuka."

Ita ba ta buɗe tatsuniya yadda mutanen Kano suke yi. Cewa take, "Ga wata can tafe, ƙafarta duk ƙura." Mu kuma mu amsa, "A ba ta ruwa ta zauna."

Wadda ta fi yi mana ita ce ta zamanin da ruwa yake da baki. Wai akwai tafki guda a tsakiyar daji, duk mai ƙishirwa sai ya yi sallama ya tambaya, "Ruwa, wa ya riga ni?" Ruwa ya ce, "Barewa ce, ta sha ta goge baki ta wuce." Ko ya ce, "Giwa ce, ta dama ni da ƙafa, dakata in kwanta." Ba ya ƙarya, ba ya kuma rufa wa kowa asiri. To, kura in ta yi ɓarnarta a nan take zuwa wanke baki. Gari na wayewa ruwa zai ce, "Kura ce, jinin ɗan akuyar wance ta wanke a cikina. Kada ku sha ta gabas, ku zaga yamma."

A nan Inna takan shaƙe murya ta yi ta kura. "Kai ruwa, ba ka iya ganin abu ka yi shiru?" Sai kuma ta sassauta ta yi ta ruwa. "In na yi shiru, wa zai gaya wa mai ƙishirwa?"

Kura ta yi lallashi, ta yi barazana, a banza. Sai ta karyo ƙayar bagaruwa, ta zaro jijiya a mushen raƙumi, ta jira sanyin asuba lokacin da ruwa ke barci, ta ɗinke masa baki tsaf. "Ba ku ga in iska ta taɓa ruwa yana yin layi-layi ba?" in ji Inna. "Ɗinkin ne." Dabbobi suka zo suka yi sallama, shiru. Suka sha a makance, ciwo ya yi ta ɗibarsu. Sai saniya ta durƙusa, ta kai hancinta dab da ɗinkin, ta ji abin da ruwa yake faɗa ta cikin numfashi. "Shi ya sa ba ta sha sai ta hura hanci. Ruwan da saniya ta sha, ɗan Adam ya sha. Wanda ta juya wa baya, ko mutuwa kake ka bi ta. Ta sha ta tashi, wanda ya riƙe wutsiyarta shi ya san inda ta kwana."

Ni ban taɓa yarda da ƙarshen nan ba. Wani dare na ce, "Inna, to wa ya kwance ɗinkin?"

"Ba a kwance ba."

"Kurar fa, me aka yi mata?"

"Tana nan tana yawonta. Ƙiba ma ta yi."

"Wannan ai ba tatsuniya ba ce, tsohuwa, zalunci ne."

Ta yi dariya har da tari. "Ku ji mini uwar magana! To tashi ki kai ƙara gidan alƙali, ki ce kura kike tuhuma. Ki tafi da zanin canji, don za ki daɗe."

Da rani ya yi nisa, cikin Goshi ya tsufa, sai ta fara lasar bango tana tauna tsumma. Kowane makiyayi ya san wannan, jikinta gishiri yake nema. A gida kowace damina mukan kora shanu arewa, wajen Ingal, inda ƙasa take da gishiri, su lasa su sha ruwan wurin su dawo fatarsu tana sheƙi. A Challawa sai 'yar kanwar da Inna ke sayowa a kasuwa, ba ta kai ta kawo ba.

Wata safiya muna kiwonta ni da Inna, Goshi ta fizge igiya ta nufi bayan katangar kamfanonin. Akwai wata kwata da ke fitowa ta ƙarƙashin katangar, ta bazu a wani kwari kafin ta gangara kogi. Gefen kwarin ya bushe ya yi fari fat. Inna ta tsuguna, ta dangwala da yatsa ta kai baki. Na ga idonta ya kawo ruwa.

"Hanne, gishiri! Ingal ta biyo mu Kano."

Na ce, "Inna, wari yake, kamar ruɓaɓɓen ƙwai."

"Ke me kika sani? Ruwan can ma ba turare ba ne. Bari mai hanci ta tambaya."

Goshi ta sunkuya, ta hura hanci, ta lashi farin, ta kafa kai ta sha. Inna ta ɗaga hannu sama tana hamdala. Da yamma ta gaya wa Baffa, shi kuma ya ce, "Gishiri ne, Inna. Da hannuna nake zuba shi, buhu-buhu." Gaskiya ya faɗa, iyakar wadda ya sani. Akwai wani gini can ciki inda manyan ganguna ke juyawa da fatu, leburan rumfar gishiri ba ya shiga, kuma ba wanda ya taɓa gaya masa abin da ake zubawa a ciki, ko inda ruwansa yake bi.

Kwana tara muna kai ta. A na goma ta fara zawo, yawu na dalala, ta ƙi ciyawa. Inna ta jiƙa sassaƙe, ta dafa saiwa, ta yi tofi, ta kwana biyu da kan Goshi a cinyarta. Da Baffa ya ga rai zai fita sai ya sa wuƙa. Da aka buɗe cikin, hanta ta yi baƙi tana marmashewa a hannu, ba wanda ya yi sha'awar naman. Aka ciro 'yar maraƙa, mace, har gashi ya fito mata, da ɗan fari a goshi.

Kafin azahar wani dillalin fata ya iso da kekensa, wai a sayar masa da ƙirgin, kamfani na saye. Inna ta ɗauki taɓarya, bai tsaya jin farashi ba. Muka haƙa rami muka binne su tare, uwa da 'ya, da fatarsu. Kunnen dama kawai Inna ta yanke ta shanya, domin a wurinmu in dabbar amana ta mutu a hannunka, shaidarta kake ajiye wa mai ita.

Washegari ta ja ni muka je ƙofar kamfanin. Maigadin, wani dattijo mutumin Haɗeja, ya ji tausayinta ya shiga ya yi magana. Wani akawu ya fito, matashi, da biro uku a aljihu.

"Mama, ai an sa allon gargaɗi."

Ya zaga da mu ya nuna mana. Allon yana nan kuwa, an kafa shi a jikin katanga da jan rubutu, da Turanci, yana kallon kwalta inda motoci ke wucewa. Shanu ta daji suke zuwa.

"Matsalarku ke nan ku mutanen daji, rashin ilimi," in ji shi. "Da kun iya karatu da saniyarku tana nan. Kun cinye dajinku da kiwo, kun zo nan kuma za ku ɗora wa mutane laifi. Ɗanki ba a nan yake aiki ba? To ki yi masa tunani."

Inna ta dube shi daga takalmi har hula. "Yaro, saniya ba ta karatu. A garinmu in rijiya ta ɓaci ƙaya ake ja a rufe bakinta, makaho ma ya taɓa ya sani. Ku da kuka yi ilimin, ƙaya ce ta gagare ku?"

Ya juya ya shige. Baffa ya ji labari bai ce uffan ba, ya ci gaba da zuwa aiki, don aikin nan shi ne tuwonmu.

Ba a sake hura wuta a bayan ɗakinmu ba. Yaran Kagoro suka yi ta leƙowa har suka gaji. Sau ɗaya na roƙe ta tatsuniya, ta ce, "Na yi wa 'ya'yan mutane ƙarya, na ce musu saniya ba ta kuskure. Ya isa." Bayan damina biyu ta kwanta ciwon ajali. Ta sa na ɗauko ƙwaryar tatsarta, kunnen yana ciki a ƙulle cikin tsumma. Malam Juli ya riga ya koma arewa, ba mu da mai kai masa. Ta ce, "Duk ranar da kika ga Juli ko jininsa, ki ba shi. Ki ce sakaci ne, nawa." Na karɓi ƙwaryar. Saƙon ne ban karɓa ba.

Fari na biyu ya zo ina da aure da goyo, mijina yana aiki a masaƙa, Baffa yana nan a rumfar gishiri, bayansa ya fara ranƙwafawa. An rufe iyaka a lokacin, amma yunwa ba ta bin ta ƙofar kwastan. Garke bayan garke suka yi ta gangarowa ta daji suna sauka a bakin kogin Challawa, shanu ƙashi da fata, mata suna sayar da mundayensu. Wata yamma wani dogon mutum ya yi sallama yana tambayar gidan Baffa. Manu ne, ɗan Malam Juli. Mahaifinsa ya rasu a farkon wannan farin.

Na shimfiɗa masa tabarma, na ba shi ruwa, na ɗauko tsumman. Ya kwance, ya bi tsaga biyun da yatsa.

"Habbanaye in ta mutu babu biya," ya ce. "Allah ya bayar, Allah ya karɓa. Mahaifina har ya rasu yana cewa ta yi muku garke." Sai ya yi murmushi, irin na mai son ya sauya magana. "Amma ƙasar nan da albarka. Yau mutanenmu suka gano wani kwari mai gishiri a bayan katangar can. Gobe da sassafe kowa zai kora nasa, wata nawa ba su lasa ba."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na gaya masa komai, da ƙarfi, har maƙwabta suka leƙo. Ya ce nasa ba za su je ba, zai kuma gaya wa na kusa da shi. Amma sansani ya fi a zaga a dare ɗaya, wasu ma a tsallaken kogi suke, kuma labarin gishiri ya riga mu isa.

Mijina ya ce, "Hanne, kin faɗa, kin fita haƙƙinsu. Kada ki ja a kori tsohon nan daga aiki." Na dubi Baffa. Yana zaune a bakin ƙofa yana murza tsagaggun hannuwansa, bai ce in yi ba, bai ce in bari ba.

A daren nan tatsuniyar Inna ta dawo mini, na kuma gane inda ta yi kuskure. Ba a kan saniya ba ne. Hancin Goshi lafiyarsa lau, an halicce shi ne don ruwan da Allah ya yi da ɓarnar da kura ta iya. Ba a yi shi don ɓarnar da aka lulluɓe da gishiri ba. Kuskuren Inna shi ne ta ɗauka ɗinki ɗaya aka yi, tun zamanin da. Ashe kullum ake yinsa. Allon da ke kallon kwalta ɗinki ne. "Ki yi wa ɗanki tunani" ɗinki ne. Shirun Baffa ma ɗinki ne, da zaren tuwo aka yi shi.

Yanzu da na tsufa ina ji a rediyo ana cewa sauyin yanayi, wai hayaƙin injinan duniya yana cikin abin da ke rikita damina. Masana su suka san gaskiyar wannan. Abin da ni na sani, mu wutar da muka taɓa hurawa ba ta wuce ta kara da kashin shanu ba, amma samanmu ce ta bushe, mu muka binne iyayenmu a hanya, muka zo inda injinan suke aka shayar da abin da ya rage mana guba, sannan aka ce mu ne jahilai. Kura tana nan, ƙiba ma ta yi. A nan kam Inna ba ta yi ƙarya ba. Na tambaye ta wa ya kwance ɗinkin ta ce ba a kwance ba, ni kuma na yi shekaru ina jin haushin amsar, ban lura ba cewa mai tambayar ma tana da hannu biyu.

Da asuba na fito, sai na yi tuntuɓe da wani abu a bakin ƙofa. Addar Baffa ce, an wasa ta tana ƙyalli. Shi ya riga ya tafi masallaci.

Na goya 'yata, na ɗauki addar da ƙwaryar Inna. Kafin rana ta fito na sare rassan bagaruwa, na ja su ɗaya bayan ɗaya na toshe hanyar da ke gangarawa kwarin, hannuna duk jini. Garken farko ya iso, makiyayin ya ga ƙaya, ya tsaya cak. Bai tambaye ni komai ba, ya ɗaga sanda ya juya shanunsa, ya kuma ƙwala wa na bayansa kira.

Sannan na tsallaka na cika ƙwaryar da ruwan kwatar, na ɗora a ka, na bi ta kwalta na wuce ƙarƙashin allon mai jan rubutu, daidai lokacin da jiniya ke kiran masu aikin safe. Maigadin Haɗeja yana nan, ya ƙara tsufa. Ya dubi ƙwaryar, ya dube ni.

"'Yata, lafiya?"

Na sauke ta a tsakiyar ƙofa, inda mota ba za ta shiga ba sai ta taka, na zauna kusa da ita.

"Lafiya lau, Baba. Ku shiga ku ce wa manaja na kawo masa ruwa. A garinmu saniya ce take fara sha, mutum ya biyo baya. Yau shi zai fara. In ya sha, da hannuna zan janye ƙayar."